Azumin da Muka Yi Gayyar Rubutu

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar marka. Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba. Ruwa sai ya tsagaita kamar zai tafi, ya sake dawowa da yayyafi. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki, hayaƙin jiƙaƙƙen itace yana fitowa daga madafa yana shigar mini ido, sai zuciyata ta ɗauke ni cak ta dire ni a wata damina da ta wuce shekara talatin da 'yan kai, lokacin da azumi ya zo mana a irin wannan watan. Ina saurayi, siriri kamar kara, kaina cike da mafarki.

A shekarun saba'in ne, ba mu daɗe da tashi daga garinmu ba. Ruwan dam ɗin Tiga ya shanye tsohon garinmu, aka ba mu fili a kan tudu kusa da wani daɗaɗɗen gari a ƙasar Bebeji. Gonar da Baba ya samu tsakuwa ce, ba ta taɓa ganin taki ba. Mutumin da ya tashi da fartanya a hannu sai ga shi da tsohon kwale-kwale da raga, yana koyon su da furfura a gemu. Samarin garin da muka tarar suna ce mana masuntan dole. Da wasa suke faɗa, amma ni har cikin ƙashina nake jin ta.

Ina aji biyu a kwalejin horon malamai. Duk littafin labari da ya faɗo hannuna sai na kusa haddace shi, musamman wurin da ake siffanta lambu ko budurwa. Saboda haka ko batun tsaftar rijiya aka ce mu yi rubutu a kai, sai farin wata da taurari sun shigo. Malaminmu na insha'i, wanda muke kira Malam Jan Biro a bayan idonsa, ya kayar da ni sau biyu. Da za mu tafi dogon hutu ya kira ni ya ce dama ɗaya ta rage. In rubuta shafi huɗu a kan sana'ar gidanmu da yadda ake yin ta. In na kawo irin na baya, sai maimaita aji.

Da na gaya wa Baba, yana ɗinkin raga, ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Ɗahiru, ba ni da ƙarfin riƙe ka a aji ɗaya sau biyu. In ka faɗi, ga jirgi ga raga. Dama bayana ya fara ciwo."

Ba faɗa ya yi ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Daminar nan ta zo da ruwa, ta zo da yunwa. Gero yana tsaye kore shar a gonaki amma bai fitar da kai ba, rumbunmu kuwa in ka leƙa sai ka ga ƙasansa. Inna takan auna dawa da ƙaramin ƙoƙo, ta dube ta, ta mayar da cikin tafi guda. Da shan ruwa akwai kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, da kwaɗon tafasa ko rama, da kifin da bai samu mai saye ba. Mun ci kifi har ƙannena suka fara kuka in sun ji ƙarninsa. Sabbin ɗakunanmu ba su gama zama ba, kowane lungu da kwanon tarar yoyo. Tabarma danshi, tufafi danshi, ashana ma sai Inna ta ɓoye ta a cikin ɗankwali. Duk da haka muna dariya ƙwarai a gidan nan, ban san dalili ba. Ko don ba mu da abin yi da baki duk yini sai ita.

Abokina Ilu ɗan asalin garin ne, ajinmu ɗaya a kwaleji. Mahaifinsa ya kira gayyar dashen dawa, ya sa har da mu baƙi a cikin gayyata. Gayyar azumi daban take. Babu kiɗa, babu fura a bakin gona. Daga sallar asuba ake fita, a yi ta aiki har hantsi, abincin 'yan gayya kuwa sai da magariba a aika wa kowa gidansa. Muka jeru a kunya-kunya, laka har idon sawu, na gaba yana huda rami, na baya yana dasawa yana takewa. Ruwa yana gangarowa daga goshi zuwa leɓe, kana jin sanyinsa, kana tofarwa. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin jarrabawa irin wannan ba, ƙishirwa a ciki, ruwa a baki.

Da aka tashi muka fake a zauren gidansu Ilu. Kakarsu, Iya, tana nan kullum a gefe da mazari tana kaɗi, don ta ce ɗakinta duhu. Can sai ga ƙanwar Ilu, Talatu, ta fito da littafi a hannu. Ita ma hutu ta zo daga kwalejin mata, da nata aikin insha'in. Na sha ganinta daga nesa, amma ran nan ne na ga ɗigon ruwa a kan girarta, na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. Na gaishe ta sau biyu ban sani ba.

Iya ta ce, "Kai angona, ni ba ka gaishe ni ko sau ɗaya ba. To na sake ka."

Ilu ne ya kawo shawarar. Ya ce tunda kowannenmu yana da rubutun da ya tsaya masa a wuya, kuma daga hantsi zuwa azahar ba ci ba sha, me zai hana mu yi masa gayya? Yau gonar wannan, gobe ta wancan. Talatu ta kafa sharaɗi: mai rubutu ba zai karanta nasa da bakinsa ba, wani ne zai karanta masa, shi kuma ba zai ce uffan ba sai an gama.

Ta ce, "Malami ba zai same ka a gefensa kana yi masa bayanin abin da kake nufi ba. Takarda kaɗai zai gani."

Na ce a fara da ni. Ina da shafi shida a aljihu, naɗe cikin leda, kuma na tabbata in Talatu ta ji su sai ta nemi wurin zama.

Ilu ya gyara murya ya fara: "Ya kai mai karatu, gonar mahaifina tana shimfiɗe kamar koriyar darduma, iskar safiya tana rangaji da ita kamar yadda bege ke rangaji da zuciyar masoyi." Ya ci gaba. Ni kuwa na lumshe ido ina jin daɗin kaina. Tsuntsaye suka zo suka wuce, raɓa ta sauka, bakan gizo ya fito. A shafi na huɗu mazarin Iya ya tsaya.

Ta ce, "Wai ni wannan gonar yaushe za a yi shuka a cikinta? Ko iska ake nomawa?"

Ilu ya faɗi a kan tabarma yana riƙe ciki. "Wayyo Iya, ki bari, dariya tana ƙara yunwa!"

Talatu ba ta yi dariya ba. Ta jira ya kai ƙarshe, sannan ta dube ni.

"Malam Ɗahiru, da azumi a bakina, ba zan yi maka ƙarya ba. Kalmominka suna da daɗi. Amma an ce ka faɗi yadda ake yi. In na ɗauki takardar nan na shiga gona, me zan fara yi?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Kuma wace gona ce wannan mai mangwaro da rafi? Na ga taku a kan hanyar kasuwa, duwatsu ne."

Na ce ta tsohon garinmu ce.

"Tana ina yanzu?"

"Ƙarƙashin ruwa."

Ta sassauta murya ta ce, "Allah Sarki. To amma me Baba yake yi yau da safe? Shi aka tambaye ka."

Raina ya ɓaci, kunnuwana suka yi zafi. Na buɗe baki zan mayar da magana, Ilu ya ɗaga yatsa ya ce, "A'a, kana azumi. In ka yi fushi ladan ya zama nawa." Haka na haɗiye. Na daɗe ina tunanin cewa da ba a cikin azumi muka yi gayyar nan ba, da a ranar ta watse. Ita ba ta da damar yi mini daɗin baki, ni ba ni da damar tashi in yi zuciya.

A hanyar gida na tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa na gaya wa kaina gaskiya. Ba na son in rubuta kalmar kifi. Ba na son Malam Jan Biro ya san cewa ɗan manomi ya koma ɗan masuncin dole.

Washegari bayan asuba na bi Baba bakin ruwa. Ya dube ni, ya miƙo mini filafilin tuƙi bai tambayi komai ba. Hazo ya kwanta a kan ruwan, duwatsun wajen Doguwa sun ɓace cikin gajimare. Muna cikin tafiya ya ce, "Karkata dama, kada mu hau kan masallaci."

Na duba. Ruwa ne kawai, ko'ina ruwa.

Ya ce, "Ga tsamiyar ƙofar masallaci nan ƙasa. Rassanta sun yaga mini raga biyu kafin in gane. Bi ta layin mahauta."

Haka muka yi ta tafiya, yana kiran unguwanni ɗaya bayan ɗaya kamar muna tafe a ƙasa. Yana auna wuri da kan wani dutse da ya rage a waje da kuma wata giginya da ke tudu. A marina ya ce tarwaɗa take taruwa, don ramukan rini sun zama mata ɗaki. Ƙarfasa kuwa ta fi son filin idi, inda ƙasa take shimfiɗe, ciyawa ta rufe. Rijiyar unguwar gabas ba a sa raga kusa da ita. Ya ce masunta na gado da suka zo daga nesa sun fi shi iya jifa da ɗinki da komai, amma su ruwa suke gani, shi gari yake gani. Har sun fara zuwa da goro suna tambayarsa.

Da muka zo wani wuri ya ce in daina tuƙi. Jirgin ya tsaya yana lilo.

"Nan ne ɗakin da aka haife ka. Ba na sa raga a nan. Wucewa kawai nake yi."

Na ci gaba da tuƙi. Muka ja ragar da ya kafa jiya a marina, tarwaɗa bakwai suna ta bugun cikin jirgi, Baba yana dariya yana ce musu baƙin rini.

Kwana uku ina binsa, fensir a bayan kunne, ina tambaya yana amsawa. Na rubuta sabon insha'i a kan gwiwata, na kai zaure.

Wannan karon Talatu ce ta karanta. Jin kalmomina a bakinta ya sa na manta da yunwa. Mazarin Iya bai tsaya ba, amma na ga ta karkato kunne. Da aka gama, Ilu ya ce, "To, yanzu akwai kifi. Amma ka ja raga a shafi na ɗaya, ka kafa ta a shafi na uku. Kifin naka da kansa yake zuwa?"

Talatu ta ce in jera aikin yadda yake faruwa, daga gyaran raga zuwa kasuwa. Ta sa fensir ta ja layi a ƙarƙashin inda na ce duk kifin dam ya fi son tsohon garinmu.

"Wa ya gaya maka? Ka zagaye dam ɗin?"

"Baba ne ya ce a marina ya fi samu."

"To rubuta haka. Baba ya ce, a marina. Abin da ka gani ka ce ka gani, abin da aka gaya maka ka faɗi wanda ya gaya maka."

Na ce, "Ke kam da alƙali aka yi ki."

Iya ta ce, "Da ta ɗaure ka tuni, mai gonar iska."

Ranar da aka zo kan na Talatu, na zauna da shirin ramuwa. A kan yadda ake daddawa ta rubuta, tsaf-tsaf, babu kalmar banza ko ɗaya. Ilu yana karantawa ina neman inda zan kama, har na fid da rai. Sai na ji an dafa kalwa, an wanke, kawai kuma ga daddawa ana shanyawa.

Na ce, "Tsaya. Tsakanin wankewa da shanya me ya faru? Ni ban taɓa yi ba. In na bi takardar nan dafaffiyar kalwa zan kai kasuwa."

Ta karɓi littafin ta duba, ta sake dubawa. Ta tsallake kwanakin da ake rufe ta da ganye a ajiye har ta yi wari, wato ainihin aikin. Ta saba da shi tun tana ƙarama har ba ta ganinsa. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Yaya Ilu, kai ma ba ka gani ba?"

"Ni ci na sani."

Ta leƙo ta gefen mayafin ta ce, "Na gode, Malam Ɗahiru." Na ɗauki wannan godiyar na tafi da ita gida kamar an ba ni kyautar doki. Na Ilu kuwa, mu biyu muka taru muka gano cewa rabinsa daga littafin aji ya kwaso, ya rantse cewa marubucin ne ya riga shi tunani.

Yaran yanzu ina ganinsu suna tura wa juna aiki ta waya, amsa ta dawo kafin a sha kunu. Mu sai da muka jira ruwa ya tsagaita, muka ratsa laka, muka zauna ciki na kuka. Ban ce namu ya fi ba. Na dai san muryar wanda ya gyara mini kowane layi.

Sau huɗu na sake rubuta shi. A na ƙarshe akwai jimla guda da na saka a wurin ɗakin da aka haife ni, inda na ce jirginmu yakan wuce ta kansa a hankali kamar mai tsoron tada mai barci. Ilu ya ce a cire, tsohuwar cutar ce ta dawo. Talatu ta riƙe fensir a sama, ta daɗe.

Ta ce, "A bar masa wannan. Ita kaɗai. Wannan ya gani da idonsa."

Ana saura kwana biyu salla rana ta fito. Duk garin ya fito da tabarmi da tufafi aka baza a kan danga. Gero ya fara nuna, Inna ta gasa mana tumu na farko da shan ruwa, muka murza a tafi muna ci da zafinsa muna ƙona harshe. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har yau.

Da muka koma makaranta na miƙa shafi huɗu cif. Bayan kwana biyu Malam Jan Biro ya aiko a kira ni ofis. Takardar tana gabansa, biron yana kwance a gefe da murfinsa.

Ya ce, "Wa ya rubuta maka wannan?"

Na ce ni ne.

"Kai da na sani? Ina taurarin?"

Na ce abokai sun karanta sun nuna mini inda ya karkace, amma ko kalma ɗaya ba su rubuta mini ba. Ya kife takardar ya fara yi mini tambayoyi. Me ya sa ba a sa raga a kan masallaci? Da me ake gane wuri in hazo ya rufe dutsen? Wane kifi ake samu a filin idi? Na yi ta amsawa, har na zarce ina ba shi abin da ban rubuta ba, ina nuni da hannu kamar muna cikin jirgi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ya isa, kada ka jiƙa mini ofis. Ka wuce zuwa aji uku."

Na fito ban san ta wace ƙofa ba. Ilu yana jirana a bakin baranda, ya kalli fuskata kawai ya yi tsalle ya ɗane bayana, muka zube tare a cikin ciyawa.

Sai da hutun tsakiyar zango na samu zuwa gida. Ruwa ya ɗauke, ana yankan gero. Na tarar da Baba a bakin dam yana kwarfe ruwa daga jirgi. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da kwarfa. Can ya ce, "Karanta mini abin da aka ba ka aji saboda shi."

Na zauna a bakin jirgin na karanta. Yana saurare, ƙoƙo a hannu, yana gyaɗa kai a marina, yana gyaɗa kai a filin idi. Da na zo kan rijiya sai ya ce, "Sake faɗa."

"Rijiyar unguwar gabas tana kudu da tsamiyar masallaci."

"Arewa."

"Baba, na ɗauka..."

"Arewa take. Uwarka ta yi shekara ashirin tana ɗiban ruwa a cikinta, je ka tambaye ta." Ya fashe da dariya har ƙoƙon ya suɓuce masa. "Ku uku da malaminku, duk ba wanda ya gani! Kawo fensirinka ka gyara yanzu, kada wani bawan Allah ya karanta ya je ya yaga ragarsa."

Na gyara a kan gwiwata. Ya karɓi takardar, shi da ba ya karatun boko, ya dubi wurin da na goge, ya miƙo mini.

Ya ce, "To. Tashi daga jirgin nan kada ka ɓata wandon makaranta."